Ragon Ya Sha Magani, Yaron Bai Sha Ba

Ɗana,

Na iso gida lafiya, tsarabar shinkafar da ka haɗo ni da ita ma ta iso, iyali suna ta sa maka albarka. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba mai jego lafiya. Sai dai akwai wata magana da na taho da ita a ciki tun ranar suna, ta hana ni sakat. Ban zurfafa ta a can ba, don ba a yi wa magidanci faɗa a gaban baƙinsa, balle ranar da yake cikin farin ciki. Yanzu taro ya watse, daga ni sai kai.

Da hantsi ranar sunan na zaga in kama ruwa, sai na tarar da yaronka na biyu, mai sunan marigayi mahaifinka, a tsugune a gindin katanga. Da ya ji motsina ya yi wuf ya miƙe, ya sa ƙafa yana tura ƙasa a wurin. Kafin ya rufe na riga na gani. Ɗigon ƙarshe jawur yake, ya zauna a kan yashi bai ma gama tsotsewa ba. Na ce tun yaushe? Ya sunkuyar da kai ya ce tun bara. Na ce da zafi? Ya ce wani lokaci. Da na same ka a zaure na yi maka zancen a hankali, sai ka yi dariya ka ce, "Haba Baffa, ai tsargiya ce. Girma ne ya zo masa. Wa bai yi ba a garin nan?"

Ba a yi awa guda ba na gan ka a turke. Ka matse ragon da kake kiwo na layya tsakanin cinyoyinka, ƙanenka ya buɗe masa baki, kana ɗura masa farin maganin tsutsa da sirinji, har kana goge abin da ya dalalo kada ya tafi a banza. Ka ce mini ba ka fashin ba shi, don in ka bari duk dusa da harawar da ya ci ta tsutsa ce. Gaskiya ka faɗa, kuma na yaba da hankalinka. Na dai tsaya ina kallon ragon, ina kallon yaron da ke riƙe maka igiyarsa. Ragon ya yi ɓul-ɓul, gashinsa na sheƙi. Yaron kuwa in ka ja fatar idonsa ƙasa fari ne fat, kamar an wanke.

Ban ga laifinka kai kaɗai ba, don ni ma a cikin wannan magana na tashi. Muna yara mun yi tsargiya kusan dukanmu, har gasa muke yi a bakin kududdufi, wanda nasa ya fi ja shi ne namiji. Wanda bai fara ba muna yi masa tsiya. Manya su ce zafin rana ne, wasu su ce shan rake, wasu su ce tsallake fitsarin wani aka yi. Kakanka ya ba ni jiƙo iri-iri, jinin ya ɗauke ya dawo, aka ce ai haka take. Sai da na fara aiki a ɗakin shan magani wani malamin awo ya kira ni, ya ce in sa ido a madubin likita. Ɗigon fitsarin wani ɗan makaranta ne a kan gilashi. Na ga wasu abubuwa zube kamar ƙwayar shinkafa, kowanne da ƙaya guda mai tsini a gindinsa. Ya ce ƙwan tsutsa ne, wannan ƙayar kuma da ita yake ratsa bangon mafitsara ya fito. Ranar na gane abin da muka yi ta taƙama da shi a bakin kududdufi. Rauni ne a ciki yake zubar da jini. Balaga ba ta zuwa da ƙaya.

Bari in gaya maka yadda abin yake tafiya, don kai manomi ne, ka san iri da shuka da girbi. Mai tsargiya in ya yi fitsari a ruwa, ƙwan nan ya ƙyanƙyashe nan take, ɗan abin da ya fito ya shiga neman masauki. Masaukinsa kuwa ƴan ƙananan dodon koɗin nan ne da ke manne a jikin ciyawa da kainuwa a gefen kwata da tafki, waɗanda yara ke tsinta suna wasa da su. A cikinsu yake hayayyafa. Bayan ƴan makonni sai dubbai su riƙa fitowa suna yawo a ruwa, ido ba ya ganinsu. Sun fi fitowa da tsakar rana, daidai lokacin da zafi ya kori yara zuwa iyo. Ba sai an sha ruwan ba. Ta fata suke shiga, lafiyayyar fata wadda ba ko ƙwarzane. Ƙaiƙayin nan da kake ji a ƙwauri in ka fito daga dashe, wani lokaci sallamarsu ce. Daga nan su bi jini su girma, namiji ya rungumi mace, su tare a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Tsawonsu bai wuce gaɓar yatsa ba, amma sukan yi shekara uku zuwa biyar a raye, wasu su zarce haka nesa, macen tana zuba ƙwai ɗaruruwa kullum. Wani likita Bajamushe mai suna Bilharz ne ya fara ganin tsutsar a Alƙahira a 1851, shi ya sa in ka je asibiti za ka ji ana kiran cutar da sunansa. Mutanen Masar sun daɗe da ita a bakin Nilu kamar yadda muka daɗe da ita a fadamunmu.

Ka lura da abu guda a nan. Dodon koɗi ba ya haifar da cutar. Sai an ba shi. Kwatar da ba wanda ya yi fitsari ko bahaya a cikinta, ko dodon koɗi ya cika ta maƙil, ba za ta sa wa kowa tsargiya ba. Mu muke kai iri, ruwa ya rene shi, ƴaƴanmu su girbe.

Ƙwan da ya fita a fitsari ma shi ne mai sauƙi. Wanda ya maƙale a cikin nama shi ne abin tsoro. Jiki yakan kewaye shi da tabo, tabo kan tabo, shekara da shekaru, har mafitsara ta ƙandare, hanyar da fitsari ke saukowa daga ƙoda ta tsuke, ƙodar ta kumbura. Da yaro ya zama saurayi jinin yakan ragu, sai a ce ya warke. Na ga magidanta ƴan shekara arba'in da hamsin sun zo da ciwon ƙoda, na ga wanda aka ce masa ciwon daji ne a mafitsara, in ka bi sawu sai ka tarar tun suna yara suke fitsarin jini. Akwai kuma ƴar'uwarta da ke zama a jijiyoyin hanji, ita a bahaya ƙwanta ke fita, tana taɓa hanta da saifa, ciki ya kumbura, a ƙarshe mutum ya yi ta aman jini a ce sammu ne.

Ƴaƴanka mata fa? Su ba wanda zai ce musu girma ne ya zo, don ba wanda zai sani. Yarinyar da ke zuwa wanki da wanke-wanke a bakin kwata tana tsaye a ruwa iya gwiwa fiye da yayanta mai iyo. A jikin mace ƙwan yakan maƙale a mahaifa da hanyarta, ya kawo ciwon mara, da ƙaiƙayi, da zubar jinin da ba na al'ada ba. Kunya ta hana ta faɗa, in ta faɗa a ce sanyi ne. Wata sai ta yi aure haihuwa ta ƙi zuwa, a yi ta yawon gidan masu magani, a zargi kishiya, a zargi iska. Ka sa mai ɗakinka ta tambaye su a ɗaki, tsakanin uwa da ƴa.

Ruwan da kuke noma da shi alheri ne, ba ni da bakin kushe shi. Na san yankin nan kafin a gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Audu Baƙo. Da an yi girbi sai maza su ɗaure kaya su tafi cin rani. Ruwan Tiga ne ya mai da Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam abin da suke yau, shinkafa da alkama da tumatir rani da damina. Amma a da kududdufi yakan ƙafe, cutar ta yi hutun dole na wasu watanni. Yanzu kwata ba ta ƙafewa, dodon koɗi ya samu gida na dindindin. Haka abin yake duk inda aka tare ruwa aka ja shi gona. Arzikin da cutar ta hanya ɗaya suke shigowa gari, wanda ya karɓi ɗaya ya wajaba ya san yadda zai yi da ɗayar.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne labarin da na ji, wai ranar da aka zo rabon magani a makarantarsu ka ce kada yaranka su je. Na san inda tsoron ya samo asali, ba kuma zan ce maka ba shi da tushe ba. Duk wanda ya san abin da ya faru da yara a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, da gwajin maganin da wani kamfanin ƙasar waje ya yi a kansu, ba zai yi wa mai ɗari-ɗari dariya ba. Amma wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma ya yi tsalle, tsumman dai tsumma ne. Wannan farar ƙwayar mai ɗaci, firazikwantel, an fi shekara arba'in ana shan ta a duniya. Da hannuna na ba ɗaruruwan yara, da bakina na sha, ga ni da ƴaƴa da jikoki. Sandar da suke tsayar da yaro a jikinta tsawonsa suke aunawa, don a san ƙwaya nawa ta dace da shi. Yaran da ka ji an ce sun yi jiri da amai, yawancinsu da yunwa suka sha, ko kuwa tsutsar ce ta yi yawa a jikinsu tana jin jiki. Maganin yana son ciki da abinci. Ɗumame ko koko da ƙosai ya isa, zuwa yamma yaron ya warware. Ka tuna kuma, maganin da ka ɗura wa ragonka ba a garinku aka haɗa shi ba, ban ji ka tambayi asalinsa ba.

Tsargiya ita ce mai nuna kanta. Sauran a ɓoye suke cin rabonsu. Macijin ciki ka san shi, wanda yaro kan amayo in zazzaɓi ya kama shi, ko ya fito ta hanci uwa ta yi ta salati. Macen guda takan zuba ƙwai har 200,000 a yini, ƙwan kuma yakan yi shekaru a ƙasa bai mutu ba. Daga bahayan da aka yi a bayan gari iska da kaji da ƙafa su dawo da shi tsakar gida, ya shiga ƙarƙashin farcen yaro, ya hau kan yalo da latas da karas da aka ci ba wanki. In sun yi yawa sukan dunƙule su toshe hanji, sai an yi aiki. Akwai wata siririya mai ƙugiya a baki, ita ta tafin ƙafa take shiga, a ƙasa mai laima da inuwa, irin gindin mangwaron da kowa ya mai da wurin tsuguno. Ta kama bangon hanji ta yi ta tsotsar jini. Ita ce ke sa ka ga mai ciki ta yi fari, ƙafa ta kumbura, tana haki daga rijiya zuwa madafa, tana sha'awar cin ƙasa. Mace irin wannan in ta zo haihuwa, jinin da wata za ta zubar ta tashi, ita shi zai kayar da ita. Tsila kuwa daga naman shanun da bai ji wuta ba take, tsiren da aka sauke cikinsa da sauran ja don mai saye na sauri. Wannan kam ni ma sai da na yi da gaske na daina.

Duk waɗannan ba kasafai suke kashe mutum farat ɗaya ba, shi ya sa aka raina su. Rabon tuwo suke yi da yaro. Ka yi noma, ka biya kuɗin ruwa, ka sayi taki da tsada, ka kori tsuntsu, a dafa a zuba, sannan wani ya zauna a cikin cikin ɗanka ya karɓi kasonsa bai taɓa riƙe fartanya ba. Yaron ya ƙi girma, ya riƙa gyangyaɗi a aji, allonsa ya daɗe ba a wanke ba, a ce daƙiƙi ne, a kai masa bulala. Da ɓera ne ya shiga rumbunka haka, da ba ka kwana ba sai ka toshe ramin.

Ka ce wa bai yi ba a garin nan. Sabo turken wawa. Haka muka riƙa faɗa game da kurkunu, kai ba ka riske shi da ƙarfinsa ba. Mutum ya sha ruwan tafki bana, sai baɗi war haka ƙafa ta yi bororo, ta yi zafi kamar an ɗora garwashi, ta fashe, farin zare ya leƙo. Mahaifinka ya yi shi a idon sawu wata damina. Ni nake naɗe masa a jikin tsinke, kullum ɗan kaɗan, don in ka ja da ƙarfi ya tsinke ƙafar ta ruɓe. Mun fi wata muna wannan aiki, tsutsar ta kusa tsawon sandar makiyayi. Yana kwance a zaure yana jin ana kiɗan gayya a gonakin mutane, tasa kuwa ciyawa ta cinye geron. A shekarar nan da hatsin aro muka kai kaka. A lokacin in ka ce wa mutum kurkunu zai ƙare a duniya, sai ya ce ka taɓu. Da aka yi ƙidaya a 1988 an samu mutum sama da 650,000 da shi a Nijeriya, a ƙauyuka kusan 6,000. Cibiyar Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, ta shigo, Janar Yakubu Gowon ya bi ƙauyuka da gidajen gwamnoni yana roƙo. Kurkunu ba shi da ƙwaya, ba shi da allura, har gobe. Da ƙyallen tace ruwa aka yaƙe shi, da rijiyar burtsatse, da hana mai ciwon tsoma ƙafarsa a tafkin da ake sha. Mutum na ƙarshe da ya yi shi a ƙasar nan a 2008 ne, a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijeriya da Nijar sun rabu da shi. Sai a Chadi da wasu ƴan wurare ya rage. Ƴaƴanka ko sunansa ba su sani ba. Tsoffin matan ƙauye da ba su taɓa shiga aji ba su suka yi wannan aiki, da ƙyalle a bakin tulu.

To ga tsargiya da tsutsar ciki har magani gare su, mai araha, wani lokaci kyauta. Abin da ya rage namu ne. Maganin yana kashe wadda ke jiki, ba ya hana sabuwa shiga. Yaro ya sha yau, jibi ya koma kwatar da abokinsa ya yi fitsari, an koma gidan jiya. A nan ne zan taɓa ka inda ba ka so. Ka yi sabon ɗaki da bulo, ka sa rufin kwano, ka sayi babur da injin ban ruwa, amma salgar gidanka ta rufta tun damina biyu, yara bayan gari suke zuwa, manya sai dare ya yi. A zamaninmu da duba-gari ya leƙo gidan nan da ka sha tara. Maƙwabtanku Jigawa an ayyana su a 2022 a matsayin jihar farko da ta bar bahaya a fili, ba kuwa sun fi ku kuɗi ba ne. Tun kafin likitoci su ga ƙwan nan, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana fitsari a ruwan da ba ya gudu, ya kuma tsoratar da mai yin bahaya a mashaya da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa. Kai ka karanta wannan a zauren malam, ni na ji ka kana biyawa. Mashaya, hanya, inuwa: nan ne daidai inda tsutsotsin nan ke jiran mutum.

Ba zan ce maka kada ka shiga ruwa ba. Mai dashen shinkafa ba ya dashe daga kan tudu, wanda ya ba ka wannan shawarar bai taɓa noma ba. Amma kana iya kama ruwa a nesa da kwata kafin ka shiga, ka kuma sa leburorinka su yi haka. Ɗan rami da zana a gefen gona bai fi aikin yini guda ba. Takalmin roba mai dogon wuya bai kai kuɗin buhun taki ba, ranar ban ruwa yana yi maka amfani. Ruwan wanka da wanki in daga kwata aka ɗebo, a bar shi a duro ya kwana biyu, abin da ke cikinsa zai mutu da kansa. Yara su sa silifa, a yanke musu farce, a ajiye sabulu ko toka kusa da buta. Na ƙananan da ke yi a fo a zuba a salga, kada a watsar a bola ana cewa kashin yaro ba ya cuta, nasu ya fi na manya ƙwai. Iyo kuwa, na san hana yaro shiga ruwa a watan zafi sai an sha fama. Yi iyakar ƙoƙarinka, duk shekara kuma in masu rabon magani sun zo a ba su abinci su je su sha. Mai jego da jariri da ƴan ƙanana kada ka saya musu komai a kemis da ka, a tambayi malamin asibiti. Kai ma ka sha naka, don wanda ya yi shekara talatin a cikin kwata da wuya a ce shi kaɗai ta ƙyale.

Ka yi haƙuri in na tsananta. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Da mahaifinka na raye shi zai gaya maka, kuma ka san shi, da ba da takarda zai yi ba. Yaron nan sunansa yake ɗauke da shi, ni kuwa duk lokacin da na dube shi ɗan'uwana nake gani.

Ranar kasuwa mai zuwa ka ɗauko shi a babur, ka haɗo da yayyensa mata, zan jira ku a bakin asibiti. Ku yi ƙoƙari ku iso tsakanin hantsi da azahar, lokacin ne ƙwan ya fi fita a fitsari. Kuɗin awon na wuyana. Ka dai tabbata sun ci abinci kafin ku taso.

Baffanka.